Shekarar da Gumsu Ta Gyara Ɗakin Ɗinki

A unguwarmu a Haɗejiya, duk macen da ke son ɗinkin da ba zai ba ta kunya a gidan biki ba, wajen Gumsu take kai yadinta. Matar Malam Ari ce, mai sayar da takin zamani a kasuwa. Doguwa ce siririya, mai magana a hankali. Tun tana amarya ta fara da keken hannu, daga baya ta koma na ƙafa, kuma har ta aurar da 'ya'yanta babu wanda ya taɓa jin zagi a bakinta. Ana yabon tsaftarta, ana yabon gaisuwarta. Abin da ta fi tsoro a duniya shi ne a yi da ita a unguwa.

Wuri ɗaya ne a gidan bai san tsintsiya ba, ɗakin ɗinkinta da ke kusa da zaure. Can ta jibge duk aikin da ta ce sai ta samu sarari. Akwai labulen da ta yanka shekaru ba ta kalmashe ba, da hulunan jarirai da ta fara saƙawa da kwarashi ta watsar, da rigunan da zif ɗinsu ya lalace tun masu su suna makaranta, ga buhunan ƙyallaye har kusa da rufi. Malam Ari ya sha yi mata magana. Kullum amsarta ita ce bayan Salla.

Gumsu tana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Huseina. An aurar da ita wani ƙauye a fadamar Auyo, wajen Malam Adamu, manomin shinkafa mai taɓa kamun kifi, wanda ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Ya'u. Duk shekara bayan girbi Huseina takan zo da shinkafa da busasshen kifi. Gumsu takan karɓa ta sa albarka, sannan ta rako ta bakin zaure da wuri, kafin masu kawo ɗinki su fara shigowa su ji ƙaurin banda a jikinta. Ita kuwa ba ta taɓa taka ƙauyen ba.

A ƙarshen wata damina kogi ya ɓalle, ya shanye gonaki, ya kwantar da gidajen ƙasa. Ya'u ya fito da mahaifiyarsa a kwalekwale zuwa bakin titi, ya ɗora ta a babur ya kawo ta Haɗejiya. Ƙunshi ɗaya ne a hannunta: zannuwanta, da shuɗiyar babbar rigar marigayi mijinta, wadda ita ta fara ɗauka lokacin da bango ya soma tsagewa.

Ya'u ya durƙusa gaban Gumsu a tsakar gida ya ce, "Inna, ga ta nan na kawo miki. Idan ruwa ya ja, na tayar da ɗaki, zan zo in ɗauke ta."

Maƙwabta sun cika gidan ana jajantawa. Gumsu ta rungume yayarta tana hawaye. "Kai Ya'u, har sai ka roƙe ni? Gidana ai gidanta ne." Matan suka yi ta sa mata albarka. Da suka watse, ta shimfiɗa wa Huseina tabarma a ɗakin ɗinki, tsakanin keke da buhuna.

Kwanaki kaɗan bayan haka Gumsu ta shigo da sassafe, ɗaure da ɗamara, tsintsiya a hannu.

"Yaya, ɗan fito mini. Zuwanki ya sa na ji kunyar ɗakin nan. Yau zan gyara shi saboda ke."

Huseina ta ji daɗi har ta ce za ta taya ta. Aka fitar da komai tsakar gida, har da tabarmarta da ƙunshinta. Gumsu ta yayyafa ruwa a daɓe, ta ce kada kowa ya shiga sai ya bushe. Huseina, mai ciwon gwiwa, ta wuni tana bin inuwar katanga, inuwa na gudu tana jan jiki. Washegari ma aka sake fitar da kaya, wai jiya ba a share rufi ba. A rana ta uku kuma aka kira kafinta ya kafa kanta a jikin bangon da Huseina take kwanciya. Da ya gama, Gumsu ta sa ya haɗa teburin yanka, ta ajiye shi a tsakiyar ɗaki. Zare ya samu wurinsa, kowane launi da layinsa. Almakashi ya samu ƙusa. Tabarmar Huseina ta koma bayan ƙofa, a naɗe rabi, ta yadda duk wanda ya turo ƙofar sai ta bugi ƙafarta.

Daga nan Gumsu ta waiwayi tsofaffin ayyukanta. Ta zazzage rigunan nan masu mataccen zif a gaban yayarta, ta miƙa mata reza.

"Zama haka kawai yana ƙara ciwo, Yaya. Farke mini waɗannan."

Idanun Huseina sun yi rauni, hayaƙin banda ya cinye su. Takan kai rigar dab da hancinta tana laluben zare. Ba ta yi ƙorafi ba, don tana ganin tuwon da take ci ne take biya. Ta farke zif, ta ware maɓallai manya da ƙanana a gwangwanaye, ta kwance ulun da ya cukurkuɗe. In ta gama, Gumsu ta duba ta yi murmushi, ta juye gwangwanin a tire ta ce an gauraya fari da ruwan madara, a sake.

Wata rana reza ta zame ta yanke ta a yatsa, jini ya ɗiga a kan wata farar shadda da ke gefen tebur. Ta Mardiyya ce, wata malamar asibiti da ta daɗe tana kawo ɗinki gidan. Wanki ɗaya zai fitar da shi, amma Gumsu ta bar shi ya bushe, ta jira har mai kaya ta zo, ta baje shaddar a gabanta.

"Ki yi haƙuri, Malama. Yayata ce. Kada ki ga laifinta, hannun da ya saba da ƙayar kifi bai san shadda ba. Ni zan ɗauki asarar."

Mardiyya ta dubi tsohuwar da ke takure a bayan ƙofa, ta ce wa Gumsu, "Kai Hajiya, kina da haƙuri wallahi." Huseina ta sunkuyar da kai ta ce a yafe mata. Gumsu ta tashi ta ɗauko kasko ta zuba turaren wuta, ta ajiye shi daidai gefen tabarmar.

Malam Ari ya lura. Sau ɗaya ya yi magana, yana ɗaura agogo zai fita kasuwa. "Gumsu, ga ɗakin yara can babu kowa. Me zai hana Yaya ta koma ciki?"

"Daɓensa ya tashi, Malam, sanyi zai kama ta. Kuma ba kai ne ka dame ni in gyara ɗakin ɗinki ba? Yanzu da nake gyarawa kuma na yi laifi?"

Ya sa hularsa ya fita. Bai sake tayar da zancen ba.

Aikin da ya rage shi ne na ƙyallaye. Gumsu ta daɗe tana cewa za ta haɗa su ta yi zanin gado na faci. Ranar da ta zaɓa ita ce ranar da wata maƙwabciya ta raka Huseina asibiti a duba gwiwarta. Da azahar Huseina ta dawo, ta tarar da ƙunshinta a kwance a kan tebur. Babbar rigar Malam Adamu ta zama 'yan murabba'ai shuɗɗa, an jera su an danne da dutsen guga.

Huseina ta tsaya a bakin ƙofa. Da ƙyar ta ce, "Gumsu, rigar Malam ce."

"Wacce? Wannan? Ayya! Ai na ɗauka tsumma ne, Yaya. Tana ta warin ruwa, har ta fara funfuna, na ji tsoro kada ta lalata kayan mutane. Kuma shuɗi nake nema, ya ƙare mini."

Wuyan rigar, inda aka yi aikin allura, yana gefe ba a yanka shi ba. Huseina ta miƙa hannu ta ɗauka.

"A'a, ajiye wannan, shi zan sa a tsakiya. Zauna ki riƙa miƙo mini, shuɗi ɗaya, ja ɗaya."

Huseina ta zauna. Ta miƙa shuɗi, ta miƙa ja, keke yana ta ƙara har la'asar. Da Malam Ari ya dawo ta roƙe shi ya kira mata Ya'u a waya.

Ya'u ya zo da babur. Ruwa bai gama ja ba, shi da matarsa a wata rumfar zana da leda suke a kan tudu, sauro ko'ina. Ya gaya wa mahaifiyarsa haka, ta ce ta ji, a tafi. Gumsu ta aika aka kira maƙwabta. A gabansu ta riƙe bakin zanin yayarta tana kuka, tana cewa me ta yi mata da za ta guje ta ta koma cikin taɓo. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar riga da zani na atamfa, ta ce ta ɗinka mata ne don ta ba ta mamaki. Matan suka yi ta ba Huseina baki. Wata ma ta ce tsufa ne, yakan sa mutum rashin godiya.

Huseina ta karɓi atamfar ta ce, "Na gode, Gumsu. Allah ya bar zumunci." Ta hau bayan ɗanta.

Zazzaɓi ya kama ta a rumfar, ya sauka a ƙirji. Ba ta ga ɗakin da Ya'u yake tayarwa ba.

Gumsu ta je ta'aziyya, zuwanta na farko ƙauyen. Ta zauna cikin mata ta ba da labarin yadda ta roƙi marigayiya ta zauna ta ƙi. Ba ta kwana ba, ta ce kayan wata amarya na jiran ta. Ya'u da kansa ya tuƙa ta a kwalekwale, yana ratsa ciyawar kacalla. Da suka iso gaɓa ta fita a hankali tana tattare leshinta kada ya taɓa laka, sannan ta juyo.

"Ya'u, atamfar nan da na ba Yaya, ta saka kuwa?"

"Ba ta saka ba, Inna."

"To, idan an kwana biyu ka aiko mini da ita. Akwai wadda ta gani tana so."

Ya'u ya dafa gora ya tura jirginsa baya. Ranar kasuwa ya ba wani direba atamfar a baƙar leda, aka kai mata har gida. Gumsu ta rage hannun, ta ƙara aljihu, ta goge ta tas, kafin magariba mai so ta aiko an karɓa.