Tubanin Dije

Wata Alhamis ce da rana tsaka, cikin kakar shekarar da aka zo ɗibar mazan ƙauyenmu aikin hanya karo na biyu. Ina ƴar shekara tara ko goma, don a lokacin ba mai riƙe wa yaro shekarunsa. Na taso daga gona da ƙoƙon furata, na ratso ta bayan gidan su Dije ƙawata, gidan da ya kai wata biyu ba kowa a cikinsa. A gindin gawon da muke cin abinci ni da ita, daidai gurbin da take zama, sai na ga akushinta a ajiye, an rufe shi da faifai. Ko cikin akusa ɗari ba zan kasa gane shi ba, ƙarami ne baƙi, da ɓalli a baki inda jaki ya taɓa takawa. Na duba gabas na duba yamma, ba mutum ba dabba, sai karan gero tsaye shiru. Na miƙa hannu na taɓa shi, na ji shi da ɗumi. Nan na janye hannuna da sauri, domin a iya sanina Dije ta mutu tun cikin damina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Mallawa, kusa da iyaka, har in iska ta juyo mukan jiyo kiɗan bikin mutanen ƙetare, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Ni da Dije iyayenmu mata ne suka ƙulla mana ƙawance tun muna tuwon ƙasa, kuma ƙawance a wurinmu a cikin akushi yake. Duk abin da ya fara nuna a shekara, ba ya shiga bakinki sai kin ɗibar wa ƙawarki. Da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kwaɗon busasshen zogale ne da ɗan ƙuli-ƙuli, mu ci muna lasar yatsa kamar wani abin kirki. Ruwa na sauka sai tafasa da rama da yaɗiya, har harshenmu ya koma kore. Kaka kuwa ita ce sallarmu: tumu da muke gasawa a bakin gona mu murje a tafin hannu, dafaffiyar sabuwar gyaɗa, kabewa a miyar taushe, da furar sabon gero wadda ƙamshinta ke riga ta zuwa. Da mun gama surfe da ɗebo ruwa sai kowa ta ɗauko nata, mu haɗu gindin gawon nan mu yi ciyayya, in mun ƙoshi mu yi carabke da tsakuwa har a kira mu da faɗa. Dije ta fi ni ci, na fi ta surutu, don haka kullum ni ke tashi da yunwa.

Akwai doka guda da aka koya mana tun kafin a koya mana tuƙa tuwo. Akushin da ƙawa ta aiko miki ba a wanke shi, kuma ba a mai da shi wayam, ko gyaɗa cikin tafi ce sai kin zuba. Inna takan ce, "Wadda ta mai da akushi a wanke, ta wanke hannunta daga mai shi ke nan." A garinmu na ga mata biyu da suka tsufa ba sa ga maciji da juna, kuma ba zagi ba duka, akushi kawai aka mayar fes.

Cikin daminar nan, ana tsakiyar noma na biyu, na tashi da safe na kai wa Dije kwaɗon rama, na yi sallama ba a amsa ba. Na shiga. Taɓarya na tsaye cikin turmi, tokar murhu da sauran zafi, igiyar awaki na nan a turke amma ba awakin. Kaza ɗaya ce kawai ke yawo a tsakar gida tana kallona da ido guda. Na koma da gudu na tambayi Inna, ta toshe mini baki da hannunta mai warin daddawa, ta ce, "Kada in ƙara jin sunansu a bakinki." Fuskarta ba irin ta faɗa ba ce, tsoro na gani.

Bayan kwana uku gardi biyu, dogaran gwamnati, suka zo da tafinta, aka tara maza a ƙofar gidan mai gari ana kiran sunan waɗanda za su tafi aikin hanya. Mu yara muna leƙe ta jikin darni. Da aka kira Tanko, mahaifin Dije, sai mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun ƙaura, shi da iyalinsa." Dattawa suka amsa a hankali, "Allah ya ji ƙan musulmi." Tafinta ya girgiza kai, ya faɗa wa gardi wani abu, aka wuce suna na gaba. Ni kuwa kalmar nan na san ta, domin da rani kakana ya rasu, kuma abin da na ji manya suna ta faɗa wa masu gaisuwa shi ne Malam ya ƙaura. Sai na haɗa wannan da wancan, na yi kukana a bayan rumbu ni kaɗai. Ban tambayi kabari ba, don mu mata ba a kai mu maƙabarta, kuma an hana ni sunan.

Daga nan gidan ya fara zama abin tsoro. Kabewar da uwar Dije ta shuka ta hau ɗaki, ta sauko ta rufe ƙofa, ta yi ƴaƴa manya ba mai taɓawa. Yara suka daina bi ta wurin, ana cewa an ji daka da azahar. Ni kaɗai nake zuwa gindin gawon, ba don jarumta ba, don ban san inda zan ci abinci ba in ba can ba. Nakan zauna a gurbina, in bar nata a share.

To ranar Alhamis ɗin nan da na ɗaga faifan, tubani ne guda biyar a naɗe cikin ganyen masara, na sabon wake, an yaryaɗa man gyaɗa an barbaɗa yaji. Ƙamshin ya bugi hancina, wallahi har yawu ya taru a bakina. Amma na tuna abin da manyan ƴan mata ke faɗa a bakin rijiya, wai mamaci in yana kewar wani yakan kawo masa abinci, wanda ya ci kuma sai ya bi shi. Ina son Dije, amma ba na son in bi ta. Na ɗauki akushin, na kai bakin ramin tururuwa na juye, na tsaya har suka lulluɓe shi baƙi ƙirin. Sannan na tafi bakin tafki na dirje akushin da yashi, na ɗauraye, na sake dirjewa, don kada ko ɗigon mai ya saura da zai sa ta ce na karɓa. Dokar Inna ba ta ɓace mini ba, da gangan na yi. Na mai da shi gurbinsa na kife, na ce a hankali, "Dije, ki yi haƙuri, ki bar ni." Washegari da na leƙo daga nesa, babu shi.

Ta bar ni kuwa. Aka yi girbi aka ɗaure dammuna, aka ci ɗanwake aka sha kunun gyaɗa, sanyi ya zo ya wuce, ba abin da ya sake bayyana a gindin gawo. Har na riƙa jin daɗi a raina cewa dabarata ta yi aiki, Allah ya yafe mini.

Da zafi ya shigo, wata safiya na dawo daga rijiya na tarar da Goggo Dado, Bafillatanar da ke kawo mana nono, zaune da Inna suna share hawaye. Inna ta ce, "Azumi, ajiye tulun. Allah ya yi wa ƙawarki Dije rasuwa shekaranjiya, sanƙarau." Na tsaya da tulu a ka, na ce, "Inna, sau biyu ake mutuwa?" Suka dube ni kamar na zautu. A nan ne, ruwa na zuba a wuyana, na ji abin da kowane babba a garin ya sani. Su Dije iyaka suka ƙetare don gudun aikin hanya, suna wani ƙauye tafiyar hantsi daga namu. Mai gari bai yi ƙarya ba, ƙaura suka yi, ya dai bar tafinta ya ji abin da ya ga dama, ni ma na ji tare da shi. Akushin kuwa Goggo Dado ce ta kawo cikin ƙwaryar nononta, don shanunsu ba ruwansu da iyaka. Ta ajiye shi a ɓoye saboda kada a ce tana kai saƙon waɗanda suka gudu, rana ce ta ɗumama shi, kuma ita ta mai da shi yadda ta same shi.

Inna ta tafi da ni gaisuwa, muka bi hanyar shanu. Uwar Dije ta rungume ni, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce tubanin nan shi ne girkin Dije na farko da hannunta, ita ta jiƙa waken, ita ta niƙa a dutse, ta hana kowa ɗanɗanawa sai ni na fara ci. Da akushin ya dawo a wanke, ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce, "Iya, ƙila kanwa ce ta yi yawa." Wai tun daga ranar duk sanda aka ɗora wake sai ta zo ta tsaya tana kallon yadda ake tsiyaya ruwan kanwa, tana cewa in kaka ta zagayo za ta gyara ta sake aika mini. Uwar ta riƙe hannuna ta ce, "Gaya mini gaskiya, ƴata, ya yi ɗaci ne?" Na buɗe baki in ce ya yi daɗi, na kasa, don ban sani ba.

Yau ƙauyen nan ɗan kabu-kabu zai kai ka ya dawo da kai kafin tuwo ya huce, kuma jikokina in sun yi girki sai su ɗauki hotonsa a salula su tura wa ƙawayen da ke wata ƙasa, a yi ta dariya. Ba mai ɓoye wa yaro inda maƙwabci ya tafi, ba kuma mai jiran kaka kafin ya ci wake. Ina yi musu murna, amma wani lokaci in na ga sun ture kwano sun ce ba su so, sai raina ya ɓaci fiye da yadda laifin ya kai, su yi ta mamakin tsohuwa. Na tsufa ina ɗanɗana girkin mutane, na amare da na marowata, kowa na gaya mata ya yi daɗi ko bai yi ba. Mutum ɗaya ce ta jira amsata da gaske, ita kuwa ban ko lasa ba.