Ranar da Na Tafi Ɗauko Kujera Aka Yi wa Ɗana Ɗura

Shekarun baya, lokacin ɗana na fari yana da wata huɗu da 'yan kwanaki, an yi mini wani abu da har yau fushinsa bai gama sauka ba. Yaron yanzu ya isa a aike shi sayen burodi, har ma ya tsaya musu da mai shago, amma ranar nan tana raina kamar jiya.

A unguwar Nima muke zaune, a gidan dangin mijina, irin gidan nan mai ɗakuna rututu da famfo ɗaya, wanda in ɗanki ya yi atishawa sai mutum takwas sun faɗa miki maganinsa. Ɗinki nake yi a barandar ɗakina. Mahaifiyata kuwa tana Maamobi, tafiya kaɗan da ƙafa, a can take sayar da koko da ƙosai tun kafin a haife ni. In ta tashi daga sana'a da hantsi sai ta biyo ta ga jikanta.

A wajen awo nas ta yi mana bayani dalla-dalla. Nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba yaro. Ko watan ya cika ma, a duba a ga wuyansa ya tsaya, yana iya zama in an ɗan tokare shi, yana kai hannu baki, yana bin lomar mutane da ido. Sannan a fara ba shi abinci kaɗan-kaɗan da cokali, yana zaune a miƙe, nono kuma na ci gaba. Ni da nake haihuwar fari, na haddace maganar nan tsaf, ko a barci aka tashe ni zan karanto ta.

To, a gidan akwai gwaggon mijina, yayar mahaifinsa, wadda ita ce babba, kuma ita ce gwanar ɗura. Ga wanda bai sani ba, ɗura ita ce a kwantar da jariri a cinya, a danne masa hannu da ƙafa, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba koko, a toshe masa hanci. In ya buɗe baki neman numfashi sai ya haɗiye. Gwaggo tana alfahari da cewa babu yaron da aka haifa a gidan nan da bai bi ta cinyarta ba, har da mijina.

Tun yaron yana wata uku ta sa ni gaba.

"Amarya, yaron nan yunwa yake ji oo. Nono kawai ba ya riƙe cikin namiji koraa, ko kaɗan."

"Gwaggo, nas ta ce sai wata shida."

"Nas ya haifi nawa? Ni tara na haifa."

Wata rana har da cewa, a gaban mahaifiyata, wai abin mamaki 'yar mai koko ce ta mai da koko guba. Matan gida suka kwashe da dariya. Mahaifiyata ba mai yawan magana ba ce, ta dai yi murmushin yaƙe. Da za ta tafi na raka ta bakin lungu, ta ce in riƙa haƙuri, a gidansu nake, kuma su ma da ɗurar aka raine su ba su mutu ba. Na ce, "Mma, ni dai ɗana ba za a yi masa ba." Ta ce to.

Ana cikin haka na kamu da ciwon kujera. A waya na gani, irin doguwar kujerar nan da ake ɗora yaro a ɗaure shi, da faranti a gabansa, yana cin abinci a zaune kamar mutum. Na ce wannan ita ce amsata ga Gwaggo. Yaron yana da sauran kusan wata biyu kafin ya buƙace ta, babu abin da ke kora ta sai ɗoki, amma na ɗaura ɗamara kamar wadda za ta sayi fili. Sati uku ina zarya wajen wani mai kayan gwanjo a Kokomlemle. Ta farko da ya nuna mini ta roba ce, mara nauyi, na tura ta da yatsa ɗaya ta yi tangal-tangal, ga simintin tsakar gidanmu duk ramuka. Ta biyu kyakkyawa ce, mai katifa, amma babu maɗauri a tsakanin ƙafafu, yaro zai iya sulalewa ta ƙasa, kuma koko in ya shige ɗinkin katifar nan sai dai tururuwa su gode mini. Mutumin ya gaji da ni har ya ce, "Madam, yaron naki minista ne?" Daga baya ya kira ni ya ce an kawo wata ta katako, mai buɗaɗɗun ƙafafu, da maɗauri na kafaɗa da na ƙugu, da wurin ɗora ƙafa, farantinta kuma ana cirewa a wanke. Na ce ya ajiye mini, gobe ina tafe.

Washegari da hantsi na shayar da yaron ya ƙoshi, na tatsi nono a kofi na rufe, na damƙa shi a hannun mahaifiyata. Na ce, "Mma, don Allah, in ya yi kuka ga nono nan da cokali. Kada a ba shi komai." Ta ce in tafi abina. Na lissafa awa ɗaya, cunkoson mota ya mai da ita biyu da rabi. Motar hayar da muke kira trotro ba ta shiga lungunmu, don haka daga bakin titi a ka na ɗauko kujerar, ina tafe ina washe baki, ina amsa sannu da hannu ɗaya.

Tun daga ƙofar gida na ji sautin. Ba kuka ba ne, wani tari ne mai shaƙewa, yana yi yana ɗaukewa. Na leƙa na ga Gwaggo zaune a tabarma, zaninta duk koko, tana wanke hannu a kwano. Mahaifiyata tana tsaye ta kifa yaron a hannunta tana bubbuga bayansa. Koko na fita ta hancinsa, leɓɓansa sun yi duhu. Kuma kokon manya ne, wanda aka dama da citta da barkono da kanumfari.

"Ya sha rabi ma," in ji Gwaggo. "Rigima ne kawai, bai saba ba."

Ban san lokacin da na saki kujerar ta faɗi ba. Na fizge ɗana, ko mayafi ban gyara ba, na ruga bakin titi, mahaifiyata na biye da ni. A asibiti aka ce koko ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Zazzaɓi ya rufe shi, aka sa masa robar iska a hanci, ƙirjinsa na lotsawa da kowane numfashi. Kwana biyar muka yi. Wata nas mai ɗan shekaru ta tambaya da Hausarta ta Zongo, "Wa ya yi mishi ɗura?" Ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna ta yi mana bayanin yadda yaro yake shaƙar abin in yana kwance yana kuka an toshe masa hanci, da yadda tari da zazzaɓi ke biyowa bayan nan. Mahaifiyata ta sa ta maimaita. Ta sake sa ta maimaita. Ni a lokacin haushin mahaifiyata nake ji, ko kallonta ba na son yi, don haka ban kula da yadda fuskarta ta koma ba.

Allah ya tashi kafaɗar yaron muka dawo gida. Na zaci zan tarar da mutane sun sunkuyar da kai. Ashe kafin mu dawo an riga an yanke hukunci, kuma kujera ce mai laifi. Gwaggo ta bi ɗaki-ɗaki ta ce ba a saya wa yaro kujera tun bai fara zama ba, na ɗauko abu a ka ina taƙama duk Nima na kallo, ido ne ya kama shi. Mata suna gyaɗa kai. Wata har ta zo ta ba ni shawara in yi sadaka da kujerar. Na same ta an jefa bayan banɗaki an kifa bokitai a kai. Yaro ya kusa mutuwa da koko a huhu, likita ya gani, amma wai katako ne ya jawo!

Na kai ƙara wajen mijina, ya ce ya san gaskiya, amma yayar babansa ce, me nake so ya yi. Ya ƙara da cewa in daure in shiga in yi mata godiya, tunda ta aiko da tuwo asibiti. Godiya! Na ce wallahi ƙafata ba za ta taka ɗakin nan ba. Wannan ne karo na farko da na ɗaga masa murya, kuma ban yi nadama ba.

Kwana biyu da dawowarmu mahaifiyata ta zo da hantsi kamar kullum. Ba ta shigo ɗakina ba. Ta wuce bayan banɗaki, ta sauke bokitan, ta jawo kujerar zuwa tsakiyar gida, ta ɗebi ruwa ta wanke ta tas. Mata suna wanki a bakin famfo, Gwaggo na zaune tana tsintar shinkafa.

"Hajiya, ki bar abin nan," in ji Gwaggo. "Shi ya kawo mana wahala."

Mahaifiyata ta miƙe ta share hannu da zaninta.

"Hajiya, ba kujera ba ne. Ni na riƙe mishi ƙafa, ke kika zuba. Ina wurin."

Gwaggo ta buɗe baki, mahaifiyata ta ɗaga mata hannu, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

"Ɗana na fari, wata uku yake. Irin tarin nan ya yi, irin zazzaɓin nan. Kwana huɗu ya tafi. An ce mini iska ne, an ce mini baki ne, na yarda. Ni na yi mishi ɗura da hannuna. Shekara talatin da wani abu ban sani ba, sai da na zauna a asibitin nan."

Na san ina da yaya da ya rasu yana jariri, amma ban taɓa jin yadda aka yi ba. Ina tsaye a baranda da yaro a kafaɗa, duk haushin da na tara mata ya rasa inda zai tsaya. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kujerar ta kawo ƙofar ɗakina ta ajiye. Gwaggo kuwa ta tattara shinkafarta ta shige ɗaki, tana cewa komai da lokacinsa, Allah ne mai kashewa.

Da yaron ya cika wata shida, wuyansa ya tsaya, ya fara kai wa cokalina cafka, muka ɗora shi a kujerar muka ɗaure. Mahaifiyata ta jiƙa gero daban, ta kai niƙa daban, ta dama masa koko mara yaji da ɗan garin gyaɗa. Da farko ƙi ya yi. Yana jin ƙanshin sai ya datse baki ya sandare, ya fi sati biyu a haka. Ban tilasta masa ba, nakan ɗiga masa a faranti ya dangwala da yatsa ya lasa, rabi a baki rabi a gashi. Ranar da ya buɗe baki da kansa na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na miƙa wa mahaifiyata cokalin na ce, "Mma, ba shi na biyu." Ta mai da hannayenta baya ta ce, "Ke ki ba shi."

Mun bar gidan nan da daɗewa, mun koma Kotobabi. In mai jego ta tambaye ni wace kujera za ta saya, nakan faɗa mata ta duba ƙafafu da maɗauri, sannan in ce kafin kujerar ta fara duba wa za ta bar wa ɗanta, kuma ta faɗi maganarta da ƙarfi ko za a ce ba ta da kunya. Ni na yi sati uku ina gudun kada yaro ya faɗo daga kujera, ban yi minti biyar ina tunanin tabarmar tsakar gida ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda aka raba nauyin. Gwaggo ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba. Duk bikin da muka haɗu sai ta jawo yaron ta nuna wa mutane, ta ce su ga ƙatonta, ita ta fara buɗe masa ciki. Mahaifiyata kuwa jikokinta tara yanzu. Ita ke dama kokon kowannensu in lokaci ya yi, ita ke ɗanɗana zafinsa a bayan hannunta, ta zauna kusa tana kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye. Amma tun daga ranar nan ba ta sake kai cokali bakin jariri ba.