Hayaƙin Inna Zurakan a Ƙofar Mai Bin Ta Bashi

Duk kwarin At-Bashi babu macen da ta kai Inna Zurakan iya daɓe ulu. Tun tana amarya take yin bargunan rufin ɗaki, har ta binne mijinta tana yi. Nata ɗakin na ulu kuwa, irin wanda ake kafawa a kwance kamar tanti, tunduk ɗinsa, wato da'irar itacen nan ta ƙoƙuwa inda hayaƙi ke fita, gadon kakan mijinta ne. Ɗakin nan ne autanta ya jinginar wa Ishenbek mai shago, shekarar da sanyi ya kashe musu tumaki.

Lokaci ya cika, babu kuɗi. Ishenbek ya ɗauki hayar motata muka hau dutse ɗauko ɗakin, bayan an kwana uku ana ruwa. Kunya kamar ta kashe ni, don a ɗakin nan na sha nonon goɗiya ba adadi.

Ga mamakina, sai muka tarar ta fitar da kayanta tana jiranmu da fara'a.

"Ɗana Ishenbek, karanta min takardar nan tukuna, idona ya mutu."

Ya karanta da ƙarfi yana hura hanci: zai kwance ba tare da ya karya ko sanda ɗaya ba, zai adana shi tsawon wata guda ba tare da komai ya lalace ba, sannan ya sayar.

"Madalla," in ji ta. "To ku kwance."

Muka loda, ta haye gaban mota wai za ta sauka wurin 'yarta. Muna isa gari Ishenbek ya ce a jibge bargunan a sito. Nan fa Inna ta tafa hannu.

"Jiƙaƙƙen ulu a sito? Kwana bakwai ya ruɓe! Kai da bakinka ka karanta, ko ba haka ba direba?"

Na ce haka ne, ina danne dariya.

Ba yadda ya iya, dole a kafa ɗakin ya bushe, fili kuma babu sai na gefen gidansa. Yaran shagonsa suka yi ta kokawa da sanduna, abu ya gagara. Inna ta naɗe hannun riga ta shiga ba da umarni kamar sajan. Da aka zo ɗaga tunduk ta miƙa wa Ishenbek gwafa.

"Aikin babban namiji ne. Yi bismillah ka ɗaga."

Ya ɗaga, har da ƙoƙarin nuna ƙarfi! Aka rufa. Ta ce daga ciki ulu yake bushewa, ta hura wuta, ta ɗora tukunyar shayi. Hayaƙi ya miƙe ta tunduk.

To, a wurinmu duk wanda ya riga sauka a wuri, shi ke kai wa sabon maƙwabci abincin maraba ranar da hayaƙinsa ya tashi. Tsohuwa Kaliyca, mahaifiyar Ishenbek, tana hango hayaƙin nan ta sa aka yanka tunkiya. Kafin la'asar sai ga ta da akushin nama da gurasa, matan unguwa na biye. Wallahi tsalle na yi daga kan mota don murna.

Ishenbek ya taho a guje. "Iya! Kayan jingina ne fa, ba baƙi ba ne!"

"Wa ya ɗaga tunduk ɗin?"

"Ni ne, amma..."

"Rufe min baki, sakarai. Ka ɗaga da hannunka, ta ci gishirinmu, sannan ka sauke shi a kanta? Sai dai bayan raina. Cire takalmi ka shigo ka gaida maƙwabciya."

Ya shigo ya durƙusa, Inna ta miƙa masa shayi a ɗakin da ya ƙwace. Rabon da in ci nama da daɗi haka na manta.

Shekara tara ta yi a gefen gidan. Dardumar ulu take daɓewa ana sayarwa a shagonsa, har ya daina zancen bashi, ita kuma ba ta daina tsokanarsa ba. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Ɗana, da sauran damshi fa."

Bara ta rasu, kuma a ɗakin aka shimfiɗe ta kamar yadda muke yi. Bayan arba'in Ishenbek ya sake ɗaukar hayar motata zuwa dutse don mayar wa autanta da ɗakin. Bai yarda a sa tunduk a baya ba. A cinyarsa ya riƙe shi har muka isa.