Gyaɗar Ci a Gida

Ranar wata Laraba ta kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune a gindin rumbu, ya kasa ɗaure zariyar wandonsa. Cikinsa ya kumbura, hannuwansa sun tsotse, fararen idanunsa sun koma ɗorawa. Mutumin da ke aza wa jaki buhun gero shi kaɗai, ranar ni ya miƙo wa hannu in tayar da shi.

A Karare muke, kuma gyaɗa ce ke riƙe da gidanmu. In an ciro ta sai a shanya a tsakar gida, in hadarin ƙarshen damina ya taso mu kwashe da gudu, mu ɗura a buhu da damshinta. Ɓarewa aikin 'yan mata ne. Ni da ƙanwata Hajara mukan baje a tabarma, muna ɓara muna satar wasan 'yar carafke in Inna ta juya baya. Manya masu sheƙi na kasuwar Batsari ne. Tsamurarru, masu ɗaci, waɗanda fumfuna ta hau, Inna kan ce, "Ku tara mini nan, na gida ne." Da su ake kunu da miyar taushe da ƙuli-ƙuli, wanda Baba kan cika aljihu da shi ya tafi gona.

Da ciwo ya yi tsanani, Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta ce sammu ne, kuma ta san mai shi: Malam Idi, maƙwabcinmu na gona, da suka taɓa sa-in-sa da Baba kan iyaka. Aka yi ta sassaƙe da turare wata da watanni. Ko da aka kai Baba asibiti, ba wanda ya gwada jininsa, ƙwayoyi kawai suka ba shi suka ce a koma gida. Bai ga wata damina ba. Malam Idi ya zo gaisuwa, Gwaggo ta tare shi a bakin zaure ta ce, "Ka zo ka ga aikinka?" Aka hana mu gaishe shi. Ni da kaina na riƙa jifan awakinsa, ina jin ramuwa nake yi wa ubana.

Sai a jami'a wani malaminmu ya yi bayanin dafin da fumfunar gyaɗa ke fitarwa, yadda yake taruwa a hanta shekara da shekaru har ya zama ciwon daji. Na fita ajin ina tuna Baba da ƙuli-ƙulinsa. Tun daga nan ban bar binciken hanta ba. Na bi kasuwanni ina ɗibar gyaɗa, na tsufa a ɗakin gwaji, na rubuta takardun da masana a ƙasashen waje ke kafa hujja da su. Ɗalibaina sun zama likitoci. Ana kira na taro a tafa mini, ni kuwa raina na tafasa, don Turancin da nake rubutawa bai taɓa isa kunnen mai gyaɗa ko ɗaya ba. Malam Idi ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Inna ta taɓa tambaya ta, "Ke da kika yi karatun, me ya kashe babanku?" Na ce, "Inna, ba a gwada ba, Allah ne masani." Ba ta sake tambaya ba.

A da, rashin sani ne ya ci mu. Yau Hajara ta sani sarai, don na faɗa mata fiye da sau goma. Amma bana ta kira ni ta ce, "Yaya, wa zai shanya gyaɗa sati biyu 'yan bindiga na zagaye? Ɗanya muka kwashe." Ina da amsar da na kwashe rayuwata ina nema, ita kuwa ga 'ya'yanta biyar da za su ci gyaɗar nan.