Zaren Kaset a Fadamar Gulma

Shekaru kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi, ina aiki a ɗakin ajiyar takardu na wata ma'aikata a Birnin Kebbi, ina kuma zaune a unguwar Gesse. A lokacin ne na ƙudiri aniyar nemo wani kaset wanda babu irinsa a duniya sai shi kaɗai.

Asalin maganar kuwa, muna kwalejin horar da malamai, wani Bature mai koya mana lissafi ya zo da kaset-kaset na samarin garinsu, waɗanda ko a can ba a san da zamansu ba. Jita ake kaɗawa da gaggawa, ganga na bin ta a guje, mawaƙin yana rera damuwarsa kamar zai fashe da kuka. Abokaina uku suka kamu da son abin. Suka ari jita da gangar makaranta, suka tsara waƙoƙi huɗu da Hausa a kan kewar gida da budurwar da ta daina amsa wasiƙa. Ni na ɗauki sautin da rikoda a wani aji, na rubuta sunayen waƙoƙin a jikin kwalin. Gwaji ne da aka yi niyyar kaiwa gidan rediyo, amma aka gama karatu aka watse ba a kai ba.

Abokina da ya rera waƙoƙin na same shi a Argungu yana koyarwa a firamare. Ya yi ta dariya, sannan ya ce kaset ɗin na cikin akwatinsa a gidan yayansa a garin Gulma. Ranar Asabar na hau babur, zuciyata cike da ɗoki.

Yayan manomin shinkafa ne. Bayan mun gaisa ya fito da akwatin, ga kwalin da rubutuna a jiki, ga kaset ɗin, amma babu zare a ciki. Ya bayyana mini cewa shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan baki sun sauko, shi ya sa ya zare duk kaset ɗin da ke gidan ya ɗaura tsakanin sanduna, kamar yadda kowa ke yi. Zaren yana walƙiya a rana, yana ƙugi idan iska ta taso, tsuntsu ba ya kusantarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi masa dogon jawabi a kan amanar ajiya da haƙƙin mai kaya, ya saurara har na gama.

"Malam, wanga abu shekara nawa yana kwance cikin akwati, mi ya ƙare mu da shi? Yanzu ko ga shi can yana aiki."

Ya yarda in kwashe, da sharaɗin kada gonarsa ta zauna ko sa'a ɗaya babu tsaro. Saboda haka na koma kasuwar Argungu na sayo sababbin kaset biyar, kuma ni da nake tsawata wa mutane a kan lanƙwasa takarda, da hannuna na zare su na ɗaura a fadama, wandona a naɗe, taɓo har ƙauri. Yayan yana tsaye a kan kunyar gona yana cewa in ƙara ja, ɗaurin 'yan boko ba ya ƙugi. Tsofaffin zarurrukan na kaset biyar ne, babu mai shaida, don haka na naɗe kowanne a karan dawa na sa masa lamba.

Asabar uku na yi ina aikin. Ina goge zaren da auduga, ina haɗa inda ya tsinke da salatif, ina naɗewa da biro a hankali. Na farko wa'azi ne. Na biyu wasan kwaikwayo, na uku rana ta cinye shi gaba ɗaya. A na huɗu aka daɗe ana shuu, sai ga jitar nan ta faso da gudu, ganga na biye, ga muryar abokina siririya tana rawa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Waƙa ɗaya da rabi ce ta tsira, kuma kafin in sake saurare sai da na kwafe ta a kaset uku.

Na kai masa ɗaya Argungu bayan an tashi makaranta. Ya saurara kansa a sunkuye, yana cewa lallai a da ba su da kunya. Da aka zo inda waƙa ta biyu ta yanke, shi bai tsaya ba. Ya ci gaba da rerawa a hankali, yana buga tebur da yatsa, baiti bayan baiti har ƙarshe, ni kuwa na ɗora takarda a gwiwa ina rubutawa da sauri, ina roƙonsa ya maimaita baiti na uku.