Emfin Auta da Kaset ɗin Baba

Kwanan baya wata maƙwabciyata a nan Rabah ta shigo neman shawara. Mijinta zai shiga Sakkwato, tana so ta ba shi saƙon emfi, 'yar na'urar nan da ake cusa wa memori ta yi ta zuba waƙa. Na ce mata ta sayi tukunya. Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce. Ni kuwa har cikin raina na faɗa, don na tsani abin nan, kuma na san ranar da na fara tsanarsa.

A gidanmu na Wurno akwai wani kaset guda ɗaya da ya fi duk abin da ke ɗakin Inna daraja. Babanmu ɗan albasa ne, yakan bi mota zuwa Ikko ya daɗe can. A zamanin babu waya a hannun kowa, shi kuma ba mai son rubutu ba ne, sai ya sami mai rikoda ya yi magana a kaset ya ba wani mai dawowa gida. Da yawa sun zo, aka yi ta goge su ana ɗora wani abu a kai. Ɗaya ne ya tsira, kuma bayan rasuwar Baba shi kaɗai ne inda muryarsa ta rage a duniya.

Babu wani abin kirki a cikinsa, in don bare ne. Sallama ce, sai ya ce sun iso lafiya, albasa ba ta ruɓe ba. Sai ya bi dangi yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ya shiri da su. Ana jin ƙarar manyan motoci a bayansa. Ya ce kada a taɓa rumbun gero sai ya dawo. Ya ce, "A gaya ma auta shi bar hawan jakin mutane." Sai can ƙarshe, bayan ya gama da kowa, ya ce, "A gaida mutanen cikin gida." Ya ɗan yi shiru, ya yi tari sau ɗaya, aka kashe. Mutanen cikin gidan nan kuwa Inna ce ita kaɗai. Mutumin da ya tsufa bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba, iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa ke nan.

Kowace Juma'a bayan la'asar Inna takan fito da kaset ɗin daga cikin kwalla, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Rikodar ta tsufa, murfinta da ƙyalle ake ɗaure shi, batiran kuma sai an shanya su a rana kafin su yarda su yi aiki. Muryar Baba takan fito tana ja kamar mai jin barci. Inna ba ta damu ba. Takan zauna tana tsinke zogale ko gyaran wake, kamar ba saurare take ba, amma da an zo kusa da ƙarshe sai hannunta ya tsaya. In tarin ya wuce ta tashi ta kashe, ta mayar da kayanta cikin kwalla.

To sai ga auta. Kada a ji na ce auta a ɗauka yaro ne. Magidanci ne da mata da 'ya'ya, yana kabu-kabu tsakanin Wurno da Marnona, yana kuma noman shinkafa a fadama. Amma tun yana hawan jakin mutane har yau, abu in dai sabo ne kuma yana ƙyalli, to ya gama da shi. Shi ne mai agogon da ke magana, shi ne mai fitilar da ake ɗaurawa a goshi. Duk sun mutu cikin mako, kuma kowanne akwai wanda ya ɗora wa laifi, ban da shi.

Ranar wata kasuwar Goronyo ya dawo da emfi. Ina gida a lokacin. Wani ɗan jan abu ne na roba, bai fi sabulun wanka ba, da fitilu masu walƙiya a gefe. In an kunna shi wata mata ce ke fara magana da Turancin da ko malaman makaranta ba sa ganewa. Ya ajiye shi a tabarma gaban Inna kamar wanda ya kawo tsarabar Makka.

"Inna, mi za ki yi da wagga tsohuwar rikoda? Duniya ta wuce nan. Wanga ba shi son batir, caji ɗai aka yi mai."

Inna ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Wanga abu awa sabulu, shi za shi ɗauke muryar mutum?"

"Muryar mutum dubu ma. Ki ba ni kaset in kai Sakkwato a juye shi ciki. Za ki ji Baba garau, awa shina zaune nan."

Na ce masa, "To a juye, amma ka maido mata abinta." Ya ce, "Haba Yaya, ke kullum sai kin maishe ni yaro." Inna ta daɗe tana riƙe da ɗankwalin kafin ta kwance shi ta miƙa masa kaset ɗin. Ba don ta yarda da emfi ta miƙa ba. Auta ne, kuma ba ta taɓa iya ce masa a'a ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa abin nan, ranar farko ya yi aiki. Muryar ta fito ba ja ba rawa, har ana jin wani yana tallan ruwa a bayan Baba, abin da ba mu taɓa ji ba. Inna ta share ido da bakin mayafi. Auta kuwa ya yi ta hura hanci yana kallona. Na koma Rabah ina cewa wataƙila ni ce mai mugun zato.

Daga nan iskancin ya fara. Maɓallan ƙanana ne, yatsun Inna ba sa gane su, ba ta kuma ganin abin da aka zana a kansu. Auta ya cika sauran wurin da waƙoƙin rawa, saboda a ganinsa asara ce a bar memori da muryar mutum ɗaya. Sai Baba ya gama tarinsa, kafin Inna ta kai hannu, kiɗa ya ɓarke a tsakar gida wata yarinya tana kuka da soyayya. Wani lokaci kuma a yi ta dannawa ana neman Baba a tsakanin mawaƙa kamar ana neman akuya a kasuwa. Ga caji. In babu wuta sai an kai shago, in an kai shago sai auta ya biya ya karɓo ya rataya a kan mashin, fasinjojinsa su sha kiɗa har Marnona. Rikodar da ba ta taɓa fita ɗakin Inna ba, ya ba 'yan gwangwan ita suka ba matarsa bokitin roba. Da Inna ta tambayi kaset, ya ce yana wurinsa a adane.

Sai wani rani, shinkafa ta fitar da kai, na je gida. Ranar Juma'a ce. Na ga la'asar ta wuce Inna tana zaune da farantin wake, shiru. Na ce ina Baba, don haka muke kiran muryar nan tasa. Ta ce, "Auta yac ce abin ba shi da lahiya. Yau Juma'a ta nawa, ban sani ba. Ke da kin yi boko, duba mani." Ta ciro shi daga cikin kwalla. A cikin ɗankwalin nan ta naɗe shi, ɗankwalin kaset. Wannan ya ba ni haushi fiye da komai.

Na kunna. Matar nan ta yi Turancinta, fitilu suka yi walƙiya, lafiyarsa lau. Na bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya har na zagayo. Waƙar biki, waƙar siyasa, waƙar biki. Babu sallama, babu ƙarar motocin Ikko.

Na tare auta a zaure yana shigo da mashin. Ya fara da rantse-rantse, na ce ya ajiye su. Sai ya faɗa. Abokinsa ne zai yi aure, sai shi auta ya kai memori wurin masu tura waƙa a tasha a sa masa sababbi. Mai turawa ya ce wuri ya cika, a share na ciki? Shi kuma fasinja na jiransa a kan mashin, ya ce a share. Bai tuna ba sai da Juma'a ta zagayo. Ya koma Sakkwato wurin wanda ya juye, mutumin ya ce shi ba ya ajiye gaisuwar tsofaffi a kwamfutarsa, wa zai saya?

Na ce, "To Allah Ya kyauta. Kawo kaset ɗin a sake juyewa."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mashin.

"Kaset ɗin hwa?"

"Yaya, ai an riga an juye abin da ac ciki. Ni na aza kwanko na ɗai yar rage."

Ya ɗauka juye kaset kamar juye buhu ne, in an zazzage hatsi sai a yi wani aiki da buhun. Aikin kuwa kowa a Wurno ya san shi. In shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki kan sauko garke-garke, sai manoma su farke tsofaffin kaset su ja zaren daga wannan sanda zuwa waccan. Yana ƙyalli a rana, yana kuka in iska ta buga shi, tsuntsaye su tsorata. Tunda kaset ya yi wuyar samu, duk wanda aka gani ba a barinsa. Auta ya tara nasa, ya roƙi na maƙwabta, ya haɗa da na Baba.

Ban san duk abin da na faɗa masa ba, amma na san maƙwabta sun ji. Na ce masa sakarai, na ce masa wanda aka haifa da ido amma kai babu komai. Da na juya sai na ga Inna tsaye a bakin ƙofar zaure. Ta koma ciki ta ci gaba da gyaran wakenta.

Da safe ta ɗauki mayafi. Inna ba ta taka fadama ba tun ina yarinya, ƙafarta ma ciwo take. Ta ce auta ya kai ta. Ya goya ta a mashin, na bi su a wani. Gonar tana can bayan babbar hanyar ruwa, kore shar, kawuna sun fara sunkuyawa. A samanta zaren kaset ne ko ta ina, an ja shi gicciye da tsaye, an ƙulla wani da wani inda ya tsinke. Rana ta cinye shi, wani ya koɗe, wani ya murɗe kamar igiya. Iska na kaɗawa, gonar duka tana wani siririn kuka.

Inna ta tsaya a kan kunyar gonar tana dafe da kafaɗata. Ta ce, "Wanne na nashi?"

Auta ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya nuna wani layi, ya sauke hannu, ya nuna wani. Duk iri ɗaya ne, na Baba da na mawaƙan Indiya da na masu kalangu. Ya ce bari ya kwance su duka a kai gida a gwada. Inna ta ce, "Ka kwance, tsuntsaye su canye abincin ɗiyanka? Bar su." Ta miƙa hannu ga wanda ya fi kusa da ita, ta tsinki ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce mu koma, rana ta fara zafi.

Shinkafar ta yi kyau a shekarar, na ji ana faɗa. Emfin ma yana nan da ransa, abin da bai taɓa faruwa da kayan auta ba. Yana rataye a kan mashin, fitila ɗaya ta mutu, matar tana nan tana Turanci. Duk lokacin da na ji shi ya doso layinmu na Wurno da kiɗansa sai in ji kamar in fita da taɓarya. Inna ta hana a sake tayar da maganar, ta ce yaro ne, bai sani ba. Yaron da furfura ta fara fito masa a gemu.

Duk wannan ban faɗa wa maƙwabciyata ba. Na dai ce ta sayi tukunya. Ta tafi tana cewa na cika tsufa da wuri, kuma na ji mijin ya sayo mata, shuɗi.

Juma'ar da ta wuce ina Wurno. Bayan la'asar Inna ta buɗe kwalla ta fito da ɗankwalin, ta ajiye shi a gefenta ba ta kwance ba. Guntun zaren ne a ciki, wanda babu mai iya cewa na wane ne. Ta jawo farantin zogale. Can sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, na matsa. Sallama ta yi, ta ce sun iso lafiya, albasa ba ta ruɓe ba. Ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya yadda ya jera su, ba ta tsallake kowa ba, har da jakin mutane. Da ta zo ƙarshe ta ce, "A gaida mutanen cikin gida." Hannunta ya tsaya a kan zogalen. Ta daɗe a haka tana jira, ni ma ina jira, babu wanda ya yi tari.