Abin da Mervyn Gault Ya Ce Mami Ta Ce

Mervyn Gault maƙwabcinmu ne tun kafin a haife ni, amma ban taɓa ganin cikin kicin ɗinsa ba, shi ma bai taɓa taka namu ba sai shekarar da mahaifiyata, Mami, ta kwanta ciwo. Shinge ɗaya ya raba gonarsa da tamu, can bayan gari a yankin Tyrone. Shi Furotesta ne, mu Katolika. In motarmu ta gamu da taraktarsa a hanya sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, mu ma mu ɗaga ɗaya. Iyakar zumuncin ke nan, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba.

Dogo ne siriri, mai manyan kunnuwa, bai taɓa aure ba. Mahaifiyarsa wajen haihuwarsa ta rasu. Ya daɗe yana tuƙa motar madara, gona zuwa gona, har babu lungun da bai sani ba a yankinmu, kuma a waɗancan shekarun na bom da shingen sojoji mutumin da ya san kowane lungu ba a sakin jiki da shi. Ran Lahadi ko cebur ba ya ɗagawa. In watan Yuli ya kama sai ya rataya ƙatuwar gangarsa ya bi jerin gwanon mutanensu, su wuce ta ƙofar cocinmu yana dukanta kamar ita ta yi masa laifi.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne raɗe-raɗin cewa yana jin Gelik, tsohon yaren ƙasar, wanda mutanensu ke kallo a matsayin yaren 'yan tawaye. Wani ya rantse ya ji shi yana zagin saniya da shi. Namu suka ce sojoji ne suka koya masa don ya riƙa kai musu rahoto. Nasu suka ce a bincika asalinsa, akwai jinin Katolika a wani wuri. Haka ya tsufa, kowane ɓangare na sa masa ido, shi kuwa ko a jikinsa.

Mami, sunanta Nabla Devine, 'yar bakin tekun Donegal ce. Tana yarinya aka kawo ta kasuwar ɗaukar 'yan aiki a garin Strabane, ta yi wa manoma aikatau har ta auri Baba. An yi mata dariyar yarenta a nan har ta haɗiye shi, ko kalma ɗaya ba ta koya mana ba. Sai ga shi da tsufa ɓarin jikinta ya shanye, Turanci ya zube mata kaf, Gelik kaɗai ya rage. Ta daina cin abinci. Ta wuni tana kallon taga tana maimaita magana ɗaya cikin kuka, in na kawo cokali ta kau da kai. Likita ya ce in ba ta ci ba ba za ta daɗe ba, kamar ni ban da idon gani.

Yayana Malachy ya ce a bar masa, ai ya koyi Gelik a kurkuku. Ya tsaya a kanta ya zuba abin da ya iya, Mami ta dube shi ta juya wa bango fuska.

Na ce, "Me ka ce mata?"

"Ce mata na yi ta ci abinci."

"Ko dai ce mata ka yi gandiroba na tafe?"

Fada, limamin cocinmu, shi ma ya gwada da ɗan abin da ya tsinta a makaranta, amma bakinta ya karkace, ga sauri, ya fita yana share zufa.

A lokacin nan kuma Malachy ya gama magana da wani magini, namu, zai sayar masa da gonar fadama ya jera gidaje. Gonar fadama ita ce ta jingina da shingen Mervyn, kuma kowa ya san Katolika ne za su cika gidajen. Mervyn ya taɓa aiko cewa shi zai saya. Malachy ya yi dariya, don a wurinmu ba a sayar wa ɗaya ɓangaren ƙasa, ko da za a mutu da yunwa a kanta.

Wata rana da la'asar karsanarmu ta tsallaka shinge, Mervyn ya koro ta har tsakar gidanmu. Tagar Mami a buɗe take, tana cikin kukan nata. Na gan shi ya tsaya cak. Ya cire hularsa, ya matsa jikin taga ya faɗi wani abu a hankali, sai kukan ya ɗauke. Mami ta amsa, shi ma ya amsa. Ashe raɗe-raɗin gaskiya ne.

Malachy ya fito daga rumbu da cebur a hannu. "Kai Gault, wa ya gayyace ka?"

"Ba kowa. Karsanarku na kawo."

"A barikin wa ka koyi wannan?"

"A bayan wata 'yar Donegal. Babana ya ɗauko ta aiki da uwata ta rasu, ita ta goya ni. Sai da na shiga makaranta na san ba haka kowa ke magana ba. Bulala ta fitar min da shi daga baki, amma ba ta kai ciki ba." Ya juyo gare ni. "Dympna, Misis Devine ta ce in shigo. In kin ce in tafi, na tafi."

Ban yarda da labarin goyon nan ba, ya yi daɗi da yawa. Amma uwata ta yi shiru, abin da ta yi makonni ba ta yi ba, sai na buɗe masa ƙofa.

Ya riƙa zuwa bayan ya gama da shanunsa. Yakan zauna a bakin kujera, hula a gwiwa, idonsa na kauce wa hoton Maryamu da ke kan bango. Ni kuma in zauna a kusurwa da ɗinkin da ba na yi, ina karanta fuskarsa. Ba abin da ya fi ciwo irin ka ga uwarka tana zuba zance da baƙo a ɗakinta kai kana zaune kamar kujera. In na ce me ta ce, sai ya ce, "Zancen gidansu ne, da jiragen kamun kifi." Ta karɓi kurɓin shayi daga hannunsa, amma abinci ta ƙi, kuma kullum zancen ya ƙare da kukan nan da nuna taga.

Rannan ya fito daga ɗakin ya ce yana son magana da mu duka biyun. Ya ƙi zama.

"Na daɗe da gane abin da take faɗa. Na rasa yadda zan gaya muku ne. Kuna da babban wa. Kafin Malachy ta haifi ɗa namiji, bai zo da rai ba. Tunda ba a yi masa baftisma ba fadan lokacin ya hana a sa shi a maƙabartar coci, kun san yadda ake yi a da. Babanku ya ɗauke shi shi kaɗai ya binne, aka ce mata kada ta ƙara tayar da zancen. Shi take kira."

Na ce, "A ina aka binne shi?"

Ya dubi ƙasa. "A gonar fadama."

Malachy ya tuntsire da dariyar da ba ta da daɗin ji. "Sannu Gault! Wallahi ka iya. Ba maginin da zai haƙa tushe a kan kabarin jariri, ka sani, na sani. Ka rasa gonar da kuɗi shi ne ka biyo ta bakin tsohuwa? Me ya sa ba a gonar tudu yake ba? Me ya sa sai jikin shingenka?"

"Ba ni na binne shi ba, Malachy."

"Fita!"

Ya sa hularsa ya fita.

Ni ma abin da ke raina ke nan, ba zan ɓoye ba. Mutumin nan shi kaɗai ke jin abin da take faɗa, kuma abin da ya ce ta faɗa ya zo daidai da buƙatarsa kamar an auna. Ba dangin Mami da ya rage da za a tambaya, haƙa wurin kuwa ba mai ko tunanin yi. Amma washegari ta koma kukanta, ko shayin ma ta ƙi, wuyan hannunta ya zama kamar kara. Na ce da Malachy za mu kai ta gonar.

"Shi zai nuna mana wurin, ko?"

"A baya zai tsaya, kuma bakinsa a rufe. In akwai wuri, ita za ta nuna."

Na je bakin shinge na faɗa wa Mervyn sharaɗina, ya ce ya ji. Muka naɗe Mami da bargo, Malachy ya ɗauke ta a hannu saboda keken guragu ba ya shiga laka. Muna wuce ƙofar gonar ta ɗaga hannunta mai lafiya. Ba ta yi laluben komai ba. Ta nuna kusurwa, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar ƙaya, inda Baba bai taɓa barin garma ta kai ba, mu kuma muka ɗauka camfi ne irin na tsofaffi. Na ture ciyawa da ƙafa, ga fararen duwatsu ƙanana a jere.

Malachy ya ce ƙasa-ƙasa, "Wace gona ce ba duwatsu? Ya yi kwanaki yana hure mata kunne."

Mai yiwuwa. Amma da ya sauke ta a kan bargon, ta dafa ƙasar ta kira suna, "Eunan, Eunan," da wata murya da ban taɓa jin ta kira ɗayanmu da ita ba. Wannan ba a koya wa mutum shi. Na ji kishi da tausayi sun taso min lokaci ɗaya, na kasa tsayar da hawaye.

Sai ta waiwaya tana neman Mervyn. Ta yi masa tambaya, ta sake yi, shi yana tsaye can baya ya ƙi buɗe baki, sai da na yafuto shi.

"Tambaya take ina yake yanzu. An gaya mata yaron da bai sami baftisma ba ba ya shiga wuta, amma ba zai taɓa ganin fuskar Allah ba. Ta ce in ta mutu ba za ta same shi ba, to me za ta ci abinci ta yi, me kuma za ta mutu ta yi."

Na ce, "Ku me kuke cewa?"

"Mu a cocinmu ba mu da wannan wurin na tsakiya. Jariri yana hannun wanda ya halicce shi, ruwa ya taɓa shi ko bai taɓa ba. Haka na yi imani. Amma maganar cocinmu ce, ba zan sa ta a kunnen uwarku ba sai kun ce."

"Ka ji ko?" in ji Malachy. "Ya gama da gona, yanzu addininta ya hara. Dympna, a kira Fada."

Na ce, "Fada ya faɗa mata da wane baki?"

Na dubi Mervyn, mai gangar Yuli, manyan kunnuwan nan sun yi ja don sanyi. Ban san zuciyarsa ba a ranar, kuma ba zan ce na san ta yanzu ba. Na ce, "Gaya mata."

Mutanensu ba su saba durƙuso wajen addu'a ba, amma ya sa gwiwa a laka don ya kai kunnenta. Ya yi magana mai ɗan tsawo, a hankali. Ta tambaye shi wani abu da kaifi, irin tambayar da take wa mai sayar da kifi, ya amsa bai kau da ido ba. Ta yi alamar gicciye, shi bai yi ba. Suka fara wata addu'a tare, na gane ta daga tafiyarta, ita ce wadda mu da su duka muka haddace tun muna yara, na bi su da Turanci.

Gonar fadama ba a sayar ba. Maginin da kansa ya janye da labari ya kai masa, Mervyn ya ƙarasa rayuwarsa ba gida ko ɗaya a jikin shingensa, kuma na lura da wannan sarai. Mutanensu sun yi ta yi masa gori da sunan ɗan aiken Fada, ya ci gaba da dukan gangarsa har ƙafa ta gaza. Bai taɓa tayar min da zancen ba har ya rasu.

A ranar dai, da muka koma gida, Mami ta faɗi wani abu tana kallon murhu. Mervyn daga bakin ƙofa ya ce, "Wai ƙafafunta sun yi sanyi, kuma ko akwai dankali." Ya yi sallama ya tafi. Na murƙushe dankali da man shanu na kawo, ta ture hannuna ta karɓi cokalin da kanta. Rabin yana zuba a bargo, rabin yana shiga baki.

Malachy ya jingina da bango yana kallonta. Ya ce, "Ba mu fa san me ya gaya mata ba. In ƙarya ya shirga mata fa?"

Na ce, "To je ka karɓe cokalin."

Bai motsa ba.